Daɓen Ɗakin Tantabara

A Hotoro akwai ma'aikata da yawa, leburori da akawuna, masu zuwa aiki Bompai da Sharaɗa da Chalawa, waɗanda ke kiwon tantabaru a bayan gida don samun na cefane. Galibinsu sukan kashe kuɗi wajen kwanon rufi da ƙofa da kwaɗo, su bar ƙasan ɗakin yadda suka same shi. Damina na faɗuwa sai 'yan shila su shiga zawo, su rame, su mutu ɗaya bayan ɗaya, a ce iska ce ko sammu. Alhali kuwa sau da yawa cutar tana nan ƙarƙashin ƙafarsu.

Ga yadda abin yake. Tantabara a ƙasa take tsince, a nan kuma take kashi. A cikin kashin nan akwai ƙwan tsutsar ciki da ƙwayoyin cutar zawo waɗanda ido ba ya gani. Sa'ad da suka fito ba su iya kama wata tsuntsuwa nan take, sai sun sami laima da ɗumi sun nuna tukuna. Na zawo kwana 1 ko 2 ya ishe su, na tsutsa kuwa wajen mako 2. In ƙasa busasshiya ce, ana kuma kankare ta, ba su samun wannan dama. Saboda haka abu biyu ake nema ga daɓe, watau ya bushe da wuri, ya kuma kankaru ba tare da ya fashe ba.

Turɓaya zalla ita ce mafi muni. Tana shan ruwa, ba ta sharuwa sarai, ɓera da gafiya suna haƙa rami su shigo su kwashe ƙwai, maciji kuma ya biyo ramin.

Daɓen gargajiya bai kamata a raina shi ba. A zuba marmara ko burji, a yayyafa ruwa, a buge da maɓugi sosai, sa'an nan a shafe da ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Yakan yi ƙarfi da santsi, kuɗinsa kaɗan ne. Aibinsa shi ne ƙarfen kankara yana cinye shi a hankali, sai an riƙa sabunta shi kowace shekara kafin ruwa ya sauka.

Wanda ke da hali, siminti ya fi. Amma fa ba kowane daɓen siminti ba ne. A fara cike ɗakin da marmara har ya ɗara tsakar gida da inci 6, gama a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa a Kano, tsakar gida kan zama tafki. A shimfiɗa leda mai kauri a kai don kada laima ta taso daga ƙasa. A kwaɓa siminti kwano 1, yashi kwano 2, tsakuwa kwano 4, a zuba kaurin inci 3, a karkatar da shi kaɗan wajen ƙofa yadda in an wanke ruwa zai fita da kansa. A goge fuskarsa ta yi sumul, don kashi yana maƙalewa a kan mai kaushi. A yi ta ba shi ruwa kwana 7, kuma kada a sa tsuntsaye sai ya bushe ƙayau. Masu gaggawa a nan suke yin hasara.

Siminti yana da sanyi da hunturu, ɗan shilan da ya faɗo daga tukunya da dare yana iya sandarewa kafin safiya. Maganin wannan shi ne a barbaɗa busasshen yashin rafi, kaurin rabin inci, a riƙa tankaɗe shi ana sakewa. Garin katako na 'Yan Katako a Na'ibawa yana da araha, amma da tantabara ta kaɗa fiffike sai ya tashi ya cika kaskon ruwa, in ya jiƙe kuma ya yi fumfuna, wadda ke lalata huhun tsuntsu. Ɓawon gyaɗa ma haka yake in ya sha laima.

Waɗansu suna sayen katakon da ake ɗora kaya a kai a masana'antu su yi dandamali. Yana da ɗumi, kuma in an ɗaga shi ƙafa 1 daga ƙasa iska na ratsawa ta ƙarƙashi. Sai dai gara na sonsa, ƙuma da kaska suna ɓuya a tsagoginsa. Lalle mai saye ya tambayi abin da aka ɗora a kai, kada ya ɗauki wanda ya jiƙe da mai ko maganin jima. Ragar waya kuwa, wadda kashi ke zubewa ta ƙasa, ta dace da shirayin shan rana, ba cikin ɗaki ba, don tana gajiyar da ƙafa.

Ko wane iri aka zaɓa, a kankare shi kowane kwana 2, kwanon abinci da na ruwa kuma a ɗora su bisa bulo. Mai shara ya ɗaure hanci da ƙyalle, gama ƙurar busasshen kashin tantabara tana jawo wa mutum tari da ciwon ƙirji mai wuyar magani.

Abin da aka kankaro kada a zubar. A Isfahan ta ƙasar Iran, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, har hasumiyoyi aka gina wa tantabaru musamman don a tara kashinsu a kai gonakin kankana. A zuba shi a buhu a inuwa inda ruwa ba ya taɓawa. Yana da zafi ƙwarai, in aka sa shi ɗanye a gindin tumatir ko albasa zai ƙone su, sai an gauraya shi da shara ya ruɓe wajen wata 2 kafin a kai fadama.