Hanyoyin Kai Wuta ga Ɗigogin Allon LCD da Tasirinsu kan Haruffa Masu Ƙugiya: Nazari daga Garin Illela

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin hanyoyi uku da ake kunna ɗigogin allon LCD, sannan ta duba yadda kowace hanya ta shafi rubuta ɓ, ɗ da ƙ a na'urorin da ake hada-hada da su a Illela, jihar Sakkwato.

1.0 Gabatarwa

Illela na fuskantar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, kuma Hausa ce harshen ciniki a ɓangarorin iyakar biyu. A saƙonnin wayar fatake, "ƙafa" kan koma "kafa", "baƙi" ya koma "baki". Sau da yawa akan ɗora laifin a kan sakacin masu rubutu, alhali yadda aka ƙera allon yana da nasa kaso.

2.0 Hanyoyin Kunna Ɗigo

Allon LCD ya ƙunshi ruwan kiristal a tsakanin gilasai biyu. Idan wuta ta ratsa wani gurbi, ƙwayoyin ruwan kan juya, su tare haske ko su bar shi ya wuce. Schadt da Helfrich ne suka gabatar da murɗaɗɗen tsarin da ya yaɗu a 1970.

2.1 Hanyar Kai-tsaye

A nan kowane gurbi yana da zaren wutarsa. Ita ce hanyar da ta dace da lambobi masu sanduna bakwai, irin na kalkuletar da 'yan canji ke lissafin naira da sefa. Sanduna bakwai sun wadatar wajen nuna alƙaluma, amma babu gurbin ƙugiya a cikinsu.

2.2 Saƙar Layuka

Da ɗigogi suka yawaita, sai aka jera su a mahaɗar layukan kwance da na tsaye, ana kunna layi bayan layi cikin sauri. Allon Nokia 3310 ta shekarar 2000 yana da ɗigo 84 a faɗi da 48 a tsayi, wato 4,032, amma layuka 132 sun isa a kai gare su duka. Illar ita ce wuta na tsiyaya zuwa ɗigogin da ba a zaɓa ba. Alt da Pleshko sun nuna a 1974 cewa bambancin ƙarfin wuta tsakanin kunnannen ɗigo da kasasshe yana raguwa gwargwadon ƙaruwar layuka. A layi 100 bai wuce kashi 11 cikin ɗari ba. Wannan ya taƙaita yawan ɗigogi, ya bar ƙaramin harafi da fili kamar ɗigo 5 a faɗi da 7 a tsayi, inda ƙugiyar ƙ ba za ta samu fiye da ɗigo ɗaya ko biyu ba.

2.3 Saƙa Mai Transista

A wannan hanya, wadda T. Peter Brody ya yi fice a kanta a kamfanin Westinghouse cikin shekarun 1970, kowane ɗigo yana da transista da ke buɗe masa wuta, da ma'ajiyar caji da ke riƙe ta har zagaye na gaba. Tsiyaya ta ragu, ɗigogi suka kai miliyoyi, ƙugiya ta fito sarai a manyan wayoyin yau.

3.0 Sharhi

Allo ba shi ne kaɗai shinge ba. Jerin haruffan GSM, tsarin da ya shigo Nijeriya a 2001, ba ya ɗauke da haruffa masu ƙugiya. Saka ɗaya daga ciki kan rage tsawon saƙo daga harafi 160 zuwa 70. Ga kuma bambancin ƙa'idar rubutu: Nijar na amfani da ƴ, Nijeriya kuwa 'y.

4.0 Kammalawa

Saboda haka, manazarcin da zai yi amfani da saƙonnin waya na Illela a matsayin hujja kan ƙa'idojin rubutu, wajibi ne ya tantance irin wayar da aka rubuta su da ita da kuma shekarar. Rashin ƙugiya a tsohuwar waya tilas ne, amma a allo mai transista, sai a nemi dalilinsa a madannai da sabo da karantarwa.