In Aiki Ya Lalace, Wa Za A Kama?

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan injiniya da masu karatun gine-gine, darasinmu na wannan fitowar tambaya ɗaya ce: in aiki ya lalace, wa za a kama? Sarakunan da sun amsa ta tun kafin a san wani abu wai shi takardar ingancin kaya.

Mu fara daga gida. A Kano sarki ba ya bin maƙera ɗaya-ɗaya. Kowace sana'a da sarkinta: Sarkin Maƙera, Sarkin Dukawa, Sarkin Gini, Sarkin Fawa. In fada na son linzami, likkafa ko takobi, Sarkin Maƙera ake kira. Shi ya san wanda ya gwanance da wanda yake lalube, shi zai raba aikin, shi zai kai. To, in linzami ya karye ranar hawa, ba yaro mai zuga za a tambaya ba. Sarkin sana'ar zai sha faɗa, shi kuma ya san ƙofar gidan da zai nufa da yamma. Gwani kuwa sarauta ce ladansa. A Zariya, Muhammadu Durugu, wanda ake kira Babban Gwani, shi ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, kuma sarautar Sarkin Magina ta zauna a gidansa.

Sarakunan ƙasar Sin sun bi wata hanyar: rubutu. Tun daular Qin, fiye da shekara 2,200 da suka wuce, ana karce wa makamin da aka ƙera a ma'aikatar hukuma shekarar yinsa, sunan jami'in da ya sa ido, da sunan maƙerin. Da Sarki Zhu Yuanzhang ya soma ganuwar birnin Nanjing a 1366, sai aka riƙa buga wa tubali sunan yankin da ya fito, jami'an yankin, mai gasawa, har da wanda ya buga shi. Tubalin nan suna nan har yau ana karanta su. Ku tuna fa, ba don a yaba wa mutum aka sa sunan ba, don a same shi ne in tubalin ya ruɓe.

A daular Qing abin ya kai maƙura. Cikin fadar Beijing akwai ofishin ma'aikatun sarki, Zaobanchu, inda masassaƙa, maƙeran zinariya, masu gilashi da masu agogo ke aiki. Sai an kawo zane ko samfuri sarki ya gani kafin a taɓa kayan aiki. Sarki Yongzheng, wanda ya yi mulki daga 1723 zuwa 1735, yakan mayar da samfuri ya ce a rage kauri ko a sauya launi, magatakarda na rubutawa. A 1728 aka tura Tang Ying garin Jingdezhen ya kula da tangaran ɗin fada. Mutumin nan ya zauna cikin masu tukwane ya koyi sana'ar da hannunsa, amma duk da haka da kaya suka zo ba yadda ake so ba, Sarki Qianlong ya sa shi biyan asarar daga aljihunsa.

A ganina kowanne da raunin sa. Namu ya dogara ga sanayya: yana aiki muddin kowa ya san kowa, amma in dattijo ya rasu ya tafi da lissafinsa, ga kuma kara, wadda kan hana a faɗa wa ɗan gida gaskiya. Nasu yana barin shaida, sai dai tsoro ne ginshiƙinsa, kuma mai tsoro ba ya gwada sabon abu sai an ce ya gwada.

Yanzu ku leƙa Fagge. Tela ya ɓata maka ɗinkin Sallah, ka san shagonsa, wataƙila ma ka san maigidan da ya koya masa. Tsohon tsarinmu ke nan bai mutu ba. Amma ka sayi atamfa a Kantin Kwari ta zuba, ko wayar lantarki a kasuwar Sabon Gari ta narke cikin bango fa? Mai shago ya ce haka aka kawo masa, dila ya ce haka kamfani ya turo, sunan da ke jikin kwalin ma wataƙila na aro ne. Kayan kuwa da yawansu daga ƙasar nan ta masu rubutu a tubali suke. Kada mu ɗora musu duka: sau da yawa ɗan kasuwarmu ne ke cewa a yi masa daidai kuɗinsa. Hukumar SON tana da tsarin SONCAP na tantance kayan da ake shigowa da su, amma mai saye ba ya ganin takardar a kan teburin ɗan kasuwa.

Ga aikin gida, ba maki a kansa. Wanda zai shiga Sabon Gari a makon nan ya ɗauki kaya uku, soket, kwado da ƙwan fitila, ya duba ko zai samu suna da adireshin da za a iya bi har a kai ga mutum. Ku kawo abin da kuka samu ofishin ƙungiya, mu buga a fitowa ta gaba.