Wasiƙa ga masu shirin karanta ilimin duwatsu da albarkatun ƙasa

Ƙannena maza da mata, na ji wasunku sun cike jiyoloji a fom ɗin JAMB, zuciyarsu na hango kamfanin man fetur da albashin dala. Ku zo mu yi magana tun kafin a kai ga biyan kuɗin rajista.

Karatun shekara huɗu ne, kuma ana yin sa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jos, da Maiduguri, da Bayero ta Kano. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da Jami'ar Abdu Mumuni da makarantar EMIG a Yamai. Wanda yake gudun lissafi da fiziks da kemistiri ya nemi wani fannin tun yanzu. Sannan rabin ilimin a daji yake. Za a ba ku guduma da kamfas da taswira, ku wuni kuna hawa da sauka a rana, kuna auna yadda dutse ya kwanta, kuna rubutawa a littafi. Ɗalibin da ya kwafi rahoton abokinsa zai iya cin jarrabawa, amma ranar da aka ajiye shi gaban fili shi kaɗai, asirinsa zai tonu.

Aikin mai yana nan, ban ce babu ba. Tun 1956 aka samu mai a Oloibiri, Nijar na haƙo nata a Agadem, kuma a Nuwamban 2022 aka ƙaddamar da aikin Kolmani tsakanin Bauci da Gombe. Sai dai guraben kaɗan ne, masu nema kuwa jingim.

Ni a ganina, abincin yawancinku yana cikin ruwa. Kano da Katsina da Zariya suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda ba ya riƙe ruwa sai a inda ya tsage ko inda samansa ya ruɓe. Shi ya sa mutum zai haƙa rijiyar burtsatse ya samu ruwa, maƙwabcinsa ya kashe miliyoyi ya tashi da ƙura. A yankin Sakkwato da na Tafkin Chadi kuwa ƙasar shimfiɗa-shimfiɗa ce ta yashi da laka, hukuncinta daban. Mai jiyoloji shi ne yake zuwa da na'ura ya tura wutar lantarki cikin ƙasa, ya karanta yadda take wucewa, ya ce a haƙa nan, zurfi kaza. Wanda ya ƙware a wannan, kuma bai yi wa mutane ƙarya don ya karɓi kuɗin awo ba, sunansa zai riga shi shiga gari.

Ga kuma ma'adinai: kuzar Jos, farar ƙasar da ake siminti da ita a Ashaka da Kalambaina, yuraniyom ɗin Arlit, zinaren Zamfara. Ku tuna 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dutsen da ake niƙawa a cikin gidaje don fitar da zinare cike yake da dalma, kuma babu wanda ya gwada shi ya faɗa wa iyaye. Wannan gwajin aikinku ne. Masu gina hanya da gada da madatsar ruwa ma ba sa kafa tubali sai an duba musu ƙasa.

Idan lokacin koyon aiki na wata shida ya zo, kada ku nemi ofis mai sanyi. Ku bi masu haƙar burtsatse ko ku je wurin fasa dutse. Ku koyi zana taswira da kwamfuta, kuma bayan kammalawa ku yi rajista da COMEG, hukumar da ke kula da masu wannan sana'a. Ƙannena mata, kada kowa ya ce muku wannan fagen maza ne. Ɗakin gwaji da aikin taswira da filin kansa duk suna buƙatar ku.

Kafin ku yanke shawara, ku nemi wanda yake wannan aikin a garinku, ku roƙe shi ya tafi da ku fili ko da sau ɗaya ne. Allah Ya yi muku jagora.

Wassalam,
Yayanku.