Idan Kwamfuta Ta Ƙi Tashi Bayan An Sa Mata Sabon Kenel

A cikin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta akwai wani sashe da ake kira kenel. Shi ne ɗan aike tsakanin sauran manhajoji da kayan cikin na'urar, irin su faifan ajiya da allo. Kenel ɗin babbar manhajar Linux, wanda Linus Torvalds ya fara fitarwa a ƙasar Finland a 1991, kowa yana da damar gyara shi ya harhaɗa nasa. A nan ake tuntuɓe. Mutum ya sa nasa, ya kunna, sai allo ya tsaya cak da rubutun "Kernel panic". Galibi dalilin ƙarami ne: an manta da direba, wato manhajar da za ta karanta faifan, ko ba a gina initramfs ba, wato ɗan kunshin da ke taimaka wa kenel ya gano faifan tun farkon tashi. Takardu da hotuna suna nan lafiya, hanyar isa gare su ce ta toshe. Saboda haka goge kwamfutar gaba ɗaya ɓarna ce.

Maganin yana wurin tsohon kenel, muddin ba a cire shi ba. Kafin Linux ya tashi, wata ƙaramar manhaja mai suna GRUB ce ke zaɓar kenel. A nau'in Linux da ake kira Ubuntu, idan an danne maɓallin Shift ko an latsa Esc da zarar an kunna, jerin zaɓinta zai fito. A shiga layi na biyu, a zaɓi tsohon, kwamfuta ta tashi garau. Daga nan a gyara sabon ko a cire shi, a ba da umurnin update-grub.

Wani zai ce tsofaffin kenel suna cika wurin da ake kira /boot har sabuntawa ta gagara. Gaskiya ne, amma ba wanda ya ce a tara goma. Ɗaya da aka tabbatar yana aiki ya isa. Wani kuma zai ce sake zuba manhajar ya fi sauri. Ina saurin yake, alhali za a kwana ana mayar da kaya da saiti, kuma kuskuren da ya jawo matsalar ba a gano shi ba? Ko wanda ya riga ya cire tsohon yana da mafita: ya tada kwamfutar da filashin da ke ɗauke da Linux, ya fara kwashe takardunsa, sannan ya shiga tsarin da umurnin chroot ya mayar da kenel mai aiki.