LADA DA HORO A CIKIN TARBIYYA

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi kowane uba da uwa da malamin makarantar allo, wato yadda sakamakon aiki yake gina ɗabi'a.

A shekara ta 1898 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edward Thorndike, ya kulle kyanwa mai jin yunwa cikin akwati, ya ajiye abinci a waje. Da fari sai ta yi ta fafutika har ta taɓa mabuɗin ƙofar ba da nufi ba. Da aka yi ta maimaitawa, sai ta riƙa buɗewa da sauri. Ya fahimci cewa aikin da daɗi ya biyo bayansa yakan kafu. A 1938 B. F. Skinner ya gwada horo a kan ɓeraye, ya ga dukan ya tsayar da aikin na ɗan lokaci, amma da aka daina sai suka koma ruwa. Ke nan bulala tana hanawa, amma ba ta nuna abin da za a yi maimakonsa.

Malamanmu sun rigaye su. Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana cikin Muƙaddima cewa tsanantawa ga ɗalibi tana koya masa ƙarya da yaudara saboda tsoron hannu. Imamu Gazali kuwa ya yi nasihar a yabi yaro a gaban jama'a in ya kyautata, a kau da kai daga kuskurensa na farko.

Saboda haka mu kiyaye abubuwa uku:

Na ɗaya, a gaggauta yabo. Yaron da ya yi alwala da kyau a sa masa albarka nan take, ba sai gobe ba.

Na biyu, a tsaya kan magana ɗaya. In yaro ya yi kuka an hana shi sau uku, a na huɗu aka ba shi, to an koya masa naci, domin ladan da ke zuwa jefi-jefi shi ne mafi wuyar kankarewa.

Na uku, kada kyauta ta zama manufa. A 1973 masu bincike a Amurka sun yi wa yara masu son zane alkawarin kyauta in sun zana. Bayan haka sha'awarsu ga zanen ta ragu. Yaron da ba ya salla sai don dala, ranar da dala ta yanke yana iya barinta. A fara da dabino da yabo, sannan a janye sannu a hankali, a ɗaura zuciyarsa ga ladan Allah, wanda shi ne ikhlasi.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba mu ikon sauke amanarsu. Amin.