Amsoshin Tambayoyinku: Asalin Rukunin Gidaje Masu Lambu a Tsakiya

Wani mai sauraronmu daga Barnawa, Kaduna, yana tambaya: shin ina asalin rukunin gidaje masu fili da itatuwa a tsakiya, kuma gidajen Shagari na unguwarsu irinsu ne?

To malam, mun gode. Tushen abin daga Ingila yake. A 1898 Ebenezer Howard ya kawo shawarar gina garuruwa masu lambuna, don ceto ma'aikata daga cunkoso da hayaƙin Landan, aka fara da garin Letchworth a 1903.

Daga nan tunanin ya ƙetara zuwa Amurka. A 1927 ƙungiyar ma'aikatan ɗinki ta Amalgamated ta buɗe nata rukunin a Bronx, cikin birnin New York. Benaye ne na jan bulo da suka kewaye lambu, kowane gida na samun iska da hasken rana. Mazauna ke sayen hannun jari a ƙungiyar gama kai, su zaɓi shugabanni, su haɗa kuɗin gyara. Babu maigidan haya.

Gidajen Shagari na Barnawa kuwa gwamnatin tarayya ce ta gina su, ƙarƙashin shirin Shugaba Shehu Shagari na 1979 zuwa 1983 na samar da gidaje masu rahusa. Ka ga bambancin yana wajen mallaka.

Amma fa Bahaushe ya daɗe da sanin darajar tsakar gida da inuwar darbejiya, ya kuma san adashe. In aka haɗa biyun, ma'aikata za su iya gina nasu. Allah Ya sa mu dace.