Yadda Ake Haɗa Kuntigi da Gwangwanin Kifi, a Ɗora Masa Waƙar Titi

Saurayin da ke son waƙa a Dinder, ko Mai Wurno, ko ƙauyukan Jazira a Sudan, uzuri biyu yake kawowa idan aka tambaye shi me ya hana shi farawa. Na farko, ba shi da kuɗin ogan da lasifika. Na biyu, wai Hausa ba ta hawa kiɗan zamani, sai Larabci. Duka biyun ba su da tushe. Gwangwanin kifi ɗaya, da guntuwar fatar akuya, da sanda, da zaren fatsa sun isa a tayar da unguwa, kuma harshen da kake sayen agashe da shi ya isa ka yi waƙa da shi.

Akwai wani kiɗa da ake kira pank na titi, wanda ya taso a unguwannin leburori na Ingila a ƙarshen shekarun 1970, a hannun ƙungiyoyi irin su Sham 69 da Cockney Rejects. Jita ce da ganguna, waƙa gajera mai zafi, da amshin da kowa zai iya ɗagawa ko da bai taɓa koyon waƙa ba. Kiɗan pank ya isa Finlan, ƙasar sanyi a arewacin Turai wadda har yau mutanenta ba su kai miliyan 6 ba. Ƙungiyar Ramones ta Amurka ta yi wasa a Helsinki a 1977, kuma faifan pank na farko da 'yan ƙasar suka fitar a wannan shekara, na ƙungiyar Briard, da Turanci aka rera shi. Ba a je ko'ina ba samarin suka juya. Eppu Normaali da Pelle Miljoona suka fitar da faya-fayai a 1978 da Finlanci, daga baya Kaaos ta birnin Tampere da Terveet Kädet ta Tornio suka ƙara wa abin wuta. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne, waƙoƙin da aka yi da harshen gida su ne suka tsallaka teku a kaset, har samarin Birazil da ba su san kalma ɗaya ta Finlanci ba suka riƙa kwaikwayonsu.

Mu ma muna da namu, kuma bai jira Ingila ba. Adamu Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a Bukuru a 1946 ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Ya yi wa manya waƙa, amma abin da ya zaunar da shi a zukatan mutane shi ne waƙoƙin talaka, irin su Waƙar Karen Mota da Auren Dole. Kuntigin nan shi ne abin da za mu haɗa.

Fara da gwangwani. Na kifin sadin ake so, mai faɗi marar zurfi, in an sami mai siffar ƙwai ya fi. Cire murfin gaba ɗaya, ka goge bakin da dutse har ya daina yanka, domin baki mai kaifi shi ke tsaga fata tun ba a kai ga kaɗawa ba. Wanke shi da toka da ruwan zafi, ka shanya a rana, in ba haka ba ƙarnin kifi zai bi ka duk inda ka je, kyanwar gida kuma ta riga ka sanin daɗin kayan. Sai ka ɗauki ƙusa mai kauri ka huda gefe biyu na tsawon gwangwanin, kusa da baki, daidai kaurin sandar da za ka zura.

Sandar ita ce wuya. Siririyar gora ta fi, ko busasshen reshe miƙaƙƙe wanda ba ya lanƙwasa, tsawonsa kamar kamu ɗaya. Ɗanyen icce zai karkace bayan ya bushe, tsirkiya ta riƙa dukan wuya tana zizar da ba a nema ba. Zura sandar ta huda ta farko ta fita ta biyu, ka bar ɗan guntu kamar gaɓar yatsa ya leƙo ta baya, nan za a ɗaure gindin tsirkiya.

Fata ce ke da aiki, kuma a nan mafi yawan masu koyo suke ɓata kayansu. Kada ka je wurin dukawa ka sayi jemammiyar fata, ta yi laushi, ba za ta yi magana ba. Je wurin mahauci ka nemi ɗanyar fatar akuya, ɓangaren ciki ko haƙarƙari inda ta fi sirantaka. Jiƙa ta cikin ruwan toka ta kwana, da safe ka kankare gashin da bayan wuƙa, ka cire sauran kitse da tsoka ta ciki sarai. Yanke ta yadda za ta rufe bakin gwangwanin ta sauko gefe da yatsa biyu. Huda bakinta kewaye da basilla, ka zura siririn tsirin fata ko igiyar leda, ka riƙa ja kana tsallakawa ta bayan gwangwanin daga wannan gefe zuwa wancan. Kada ka ɗaure gefe ɗaya tamau sannan ka koma ɗayan. Ja kaɗan nan, ja kaɗan can, ka kewaya sau da yawa har fuskar ta miƙe ba tamoji. Tana jiƙe ake wannan duka, domin bushewa ce za ta ƙarasa ɗaurin.

Sannan ka ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ranar bazara ta ƙasar Sinnar ba abin wasa ba ce, in ka shanya a fili fatar za ta bushe da gaggawa ta tsage daga hudar ɗinki, ko ta matse gwangwanin ya lotsa. In ta bushe ka ƙwanƙwasa da farce ka ji ta amsa da ƙarfi, sai ka ƙona ƙusa ka huda ƙaramar kafa a gefen fuskar, wadda sauti zai riƙa fita.

Tsirkiya ba ta da wuyar samu a ƙasar masunta. Kogin Dinder yana saukowa daga tsaunukan Habasha da damina, da rani ya tsinke ya bar tafkuna, kuma duk gidan da ke kamun kifi a nan ko a bakin Shuɗin Nilu ba ya rasa zaren fatsa na roba. Zaɓi matsakaici. Mai kauri ƙwarai murya ce dusasshiya, siriri ƙwarai kuma tsinkewa yake a tsakiyar waƙa. Ɗaure shi a guntun sandar da ya leƙo, ka ja shi bisa fata zuwa ƙarshen wuya, ka naɗe shi da tsirin fata wanda za ka iya turawa gaba ko baya. Wannan naɗin shi ne abin saiti: ka tura shi nesa murya ta hau, ka jawo shi ta sauka. Ƙarƙashin tsirkiyar, bisa fata, sa jaki, wato ɗan guntun karan dawa ko icce da zai ɗaga ta. Mai son ƙarin hayaniya yakan soka ɗan falle na gwangwani mai 'yan zobban waya a kan wuyan, ya riƙa kacau-kacau tare da kowane bugu. Abin kaɗawa kuwa, ƙashin gashin fiffiken zabo ya isa, ko ka fere guntun roba mai tauri.

Da damina fatar za ta saki saboda laima. Kara ta kusa da garwashin mai shayi na ɗan lokaci, kana shafawa da tafin hannu, za ta dawo.

Kaɗawa ba ta da sirri mai yawa. Hannun hagu yana danne tsirkiya a wurare huɗu, tare da sakakkiyar tsirkiya ka sami muryoyi biyar, kuma a kan muryoyi biyar ɗin nan aka gina yawancin kiɗan Sudan da na ƙasar Hausa, shi ya sa kunnen mutanen nan ba zai ji baƙunta ba. Hannun dama shi ne gangar. Sama da ƙasa, sama da ƙasa, ba tsayawa. Samarin Finlan da dama da riƙo uku kacal na jita suka hau dandali, ba su jira sun ƙware ba. Kai ma nemi zagaye ɗaya gajere, ka maimaita shi har hannu ya riƙa yi ba tare da ka duba ba. Sai a lokacin baki zai sami sarari.

Yanzu ga inda na fi so mu daɗe, wato maganar da za a ɗora.

Kakanninmu sun iso ƙasar nan kan hanyar Makka, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na 1903, suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru har ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannuwansu na cikin waɗanda suka tsince ta. Fiye da shekara ɗari ke nan, kuma har yau waƙar mai tsinkar auduga da Hausar nan ba ta cika kunne ba. A'isha Falatiya, wadda asalin gidansu daga yamma yake, ita ce mace ta farko da ta rera waƙa a rediyon Umdurman a 1942, ta kuma yi suna da waƙoƙin Larabci. Ba laifi ba ne, zamaninta ne ya buƙaci haka, kuma ta buɗe ƙofar da ba a taɓa buɗe wa mace ba. Amma wanda ke da wayar da ke ɗaukar murya a aljihunsa ba ya jiran izinin gidan rediyo.

Zaɓi mutum ɗaya da aiki ɗaya. Kada ka ce za ka yi waƙar talauci ko waƙar zaman duniya, waɗannan sun fi ƙarfin gwangwani. Ɗauki mai karo da jakinsa da ke jigilar ruwa, ko direban raksha da ke lissafin kuɗin mai, ko mai yankan riɗi da ke tsere da lokaci kafin kwanson ya fashe ya zubar, ko matar da ke zaune gaban murhun shayi tun asuba. Zauna kusa da shi a kasuwa ka saurari yadda yake magana, ka ɗauki kalmominsa yadda suke. In yana cusa Larabci a tsakiyar Hausarsa, bar shi haka. Hausar Dinder ba ta Kano ba ce, kuma wanda ya wanke ta don ta yi kama da ta finafinan Kano ya zubar da abin da ya kamata ya sayar. Wata ƙungiyar Helsinki mai suna Pertti Kurikan Nimipäivät, ta mutum huɗu masu lalurar ƙwaƙwalwa, abubuwan da suke sha a rayuwarsu ta yau da kullum kawai suka riƙa rerawa, kuma su ƙasar ta tura gasar Eurovision a 2015 da waƙar da ba ta kai minti ɗaya da rabi ba. Ba su kai zagayen ƙarshe ba, amma ba wanda ya ce ba su faɗi abin da ke ransu ba.

Da ka sami layin farko, faɗe shi da baki kamar kana hira kafin ka rera. Dalili shi ne Hausa tana da gaɓa mai nauyi da marar nauyi, tana kuma da hawa da saukar murya a cikin kalma. In ka ja gajeren wasali don ya cika kiɗa, ko ka hau inda kalma ke sauka, ma'ana ta kauce, tsofaffi su yi maka dariya. Finlanci ma yana bambanta dogon wasali da gajere, kuma nauyin kowace kalma a gaɓar farko yake faɗawa, shi ya sa mawaƙansu da suka bar Turanci dole suka sake yadda suke jera magana bisa bugun ganga, har kiɗan nasu ya fito da wani kaushi nasa na kansa. Ka'idar ɗaya ce a can da nan: kiɗa ake lanƙwasawa ya bi magana. In layi ya ƙi zama, sauya bugun hannun dama, kada ka karya kalmar.

Ɗan Maraya shi kaɗai yake waƙarsa ba 'yan amshi. A nan ni na fi karkata ga tsarin Mamman Shata mai 'yan amshi, domin waƙar titi tana son taro. Yi amshi na kalma huɗu ko biyar, wanda yaro zai riƙe a ji ɗaya. Tara abokai, ba sai masu murya ba, ɗaya ya riƙe gangar dalluka ko jarkar ruwa da babu komai ciki, saura su tafa. Baiti biyu ko uku, amshi tsakani, a tsaya. Waƙar da ta wuce minti uku da tsirkiya ɗaya ta fara gajiyar da mutane.

Habaici halal ne a wannan sana'a, amma kada ka kama sunan kowa, kada ka taɓa ƙabila. Wanda ya san rikicin ƙabilancin da ya faru a jihar Shuɗin Nilu a 2022, da yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya kuma iso har Dinder, ba ya buƙatar a yi masa bayanin dalili. Ka kuma nisanci masallaci da lokutan salla, ka gaya wa dattijon gida kafin ku fara, ko da da cewa ne, Baba, za mu ɗan yi motsi a bayan gida. Rabin rigimar da makaɗa ke sha da unguwa daga rashin wannan sallamar take.

Ɗaukar murya a ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa ta fi ta ɗakin kwano, wanda ke mayar da sauti yana ƙara. Ajiye wayar kamu biyu daga mai waƙa, kuntigi kusa, mai dalluka can baya kusa da ƙofa, don ganga takan danne komai. Rufe layin waya kada kira ya shigo. Ku yi daga farko zuwa ƙarshe a tashi ɗaya, sau biyu ko uku, ku zaɓi wadda ta fi rai ko da akwai ɗan tuntuɓe a ciki. Kafin ka tura wa kowa ta WhatsApp, kai wa mutumin da ka yi waƙar a kansa ya ji. In ya ce ba haka ake ɗaure jaki a karo ba, ko ba a wannan watan ake yankan riɗi ba, koma ka gyara baitin ku sake ɗauka.